Lissafin Mai Wanki

Ni ce Wilma Sizemore, mai wanki,
shekara talatin da ɗaya a ƙarƙashin bene,
inda bututun tururi ke tari kamar tsohon mahaƙi.
Ban taɓa riƙe allura ba.
Amma miƙo mini zanin gado
in faɗa maka wa ya kwana, wa ya tashi, wa aka rufe wa ido.

Mahaƙan kwal suka gina asibitin nan a tsaunukan Kentaki,
dala ɗaya-ɗaya daga albashin mako.
Ubana ya ba da tasa,
ya dawo ya karɓi canji da baƙin huhu,
a gado na tara, kusa da taga.

Da ramin kwal ya rufe, bashi ya buɗe baki.
Rufi na yoyo, bokitai a jere a baranda,
wata biyu ba albashi.
Wanda ruwa ya ci, ko takobi ka miƙa masa sai ya kama.
Muka kama.

Ranar Talata suka zo, su uku,
takalmansu ba su san laka ba.
Ba zan ci haƙƙinsu ba:
sun biya mu, sun toshe rufin, sun shafa fenti,
ni ma na sami sabon inji
mai ɗan kiɗa idan ya gama juyi.
Har kek muka yanka.

Sai aka sayar da ginin.
Muka zama 'yan haya
a ɗakin da iyayenmu suka ɗora tubalinsa.
Kuɗin suka hau babban titi, ko waiwaye.
Nas Opal mai majinyata biyar
ta wayi gari da goma sha ɗaya.
Ba wanda ya gaya mini, a zannuwa na gani:
suna sauko mini a makare,
sun daɗe a ƙarƙashin mutum.

Ƙananan barguna ne suka fara tsegunta mini,
masu ratsin shuɗi, faɗin tafi huɗu.
Dā arba'in nake ninkewa a wata.
Sai goma sha biyu.
Sai wata Litinin kwando ya sauko
babu ko ɗaya.
Haihuwa, in ji takardarsu, ba ta mayar da kuɗinta.

Mil sittin ne zuwa asibiti na gaba,
hanya ta nannaɗe dutse kamar hanji.
A Janairu jikar Delmer Caudill
ta haihu a gidan mai, a kujerar baya,
dusar ƙanƙara na lasar gilashi,
yaron kanti ya haska fitilar waya
yana kuka fiye da jaririyar.
Sun rayu. Na ce sun rayu.
Da rigar sanyin wani direba aka naɗe ta, mai warin dizal,
ni kuwa ga barguna ɗari biyu a kabad,
a goge, a kulle.

Manaja Thackery ba mugu ba ne,
da sunana yake gaishe ni.
Shi ma wani lissafi ke bin sa da bulala
daga birnin da bai san sunan rafinmu ba.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
gardin ma ba mu taɓa ganin fuskarsa ba.

Opal ta ce, da ba su zo ba,
da tuni jemagu ke kwana a ɗakin tiyata.
Wataƙila.
Ban iya wannan lissafin ba,
nawa na ƙirga zannuwa ne.

Jiya aka ce wankin ma
mota za ta riƙa kai shi wani gari.
Na kashe injin, ya yi mini ɗan kiɗansa.
Na buɗe kabad, na zari bargo guda,
na cusa a jaka.
A rubuta sata ce.
Yarinyar ta fara rarrafe,
kuma gidan Caudill akwai sanyi a ƙasa.